Muryar da Inji Ya Taɓa: Daga Bakin Rijiya Zuwa Auto-Tune



Akwai maganar da muke yawan ji daga iyayenmu duk lokacin da aka kunna waƙar zamani a waya: "Wannan ai inji ne ke waƙar." Abin da suke nufi shi ne karkarwar nan da ake ji a muryar mawaƙan nanaye, wadda ke tsalle daga wannan sauti zuwa wancan kamar mai hawa matakala da gudu. Gaskiyarsu ne, da hannun inji a ciki. Sai dai idan muka bi tarihin murya a ƙasarmu ta Gumel, za mu tarar Shatan da suke kafa mana hujja da shi ma, akasarinsu bai iso kunnensu ba sai da ya ratsa ta cikin inji, kuma injin ya bar masa tabonsa. Kowane zamani da irin tabon da na'urarsa ke yi wa murya, kuma wanda mutum ya tashi da shi a kunne shi yake ɗauka a matsayin muryar gaskiya.

Mu fara da ƙasar kanta. Masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta rairayi da jigayi. Sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kuma kunne ba ya iya raba murya da amsa-kuwwarta sai tazarar da ke tsakaninsu ta kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ke nan sai an sami dutse ko bango mai tauri a nisan mita 17 ko fiye kafin kira ya dawo wa mai shi. Mutanen Dutse da Birnin Kudu suna da wannan a bayan gida. A Birnin Kudu ma har akwai duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa, waɗanda Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950. Mu kuwa rairayinmu shanye murya yake yi. Yaron Sule Tankarkar da ke son jin muryarsa ta dawo masa sai dai ya leƙa rijiya ya ƙwala kira, ko ya tura kai cikin randar da ba ruwa, ko ya shiga soro mai ɗaurin guga ya yi gyaran murya.

Tun da ƙasa ba ta amsawa, sai mutane suka zama masu amsawa. Makaɗin fada ya yi ɗa, 'yan amshi su karɓe. Sanƙira ya ɗauki kirarin da aka furta ya sake jefa shi can ƙarshen taro da ƙarfi. Kalangu ya maimaita maganar da hawanta da saukarta, zabiya ta rangaɗa guɗa a kai. Duk wannan ninka murya ne, a sa ta cika fili, ta kai inda maƙogwaro ɗaya ba zai kai ta ba. Saboda haka ranar da injin maimaita magana ya zo, ya tarar da kunnen da ya riga ya saba da jin zance sau biyu.

Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa. Gyaɗa ta fita ta nan, kayan kantin Kano su shigo. Zamanin garmaho ke nan, akwatin da ake yi wa wani da hannu, a ɗora masa faifai da allura. Faifan wancan lokaci yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe bai cika wuce minti uku ba. Ku duba abin da wannan ke nufi ga mawaƙin da ya saba kwashe rabin dare a kan waƙa guda: dole ya datse ta, ya zaɓi ɗiyan da suka fi, ya bar saura a filin biki. Sannan ga wani abu da yaran gidan mai garmaho suka fi kowa sani. Idan wanin ya fara saki, faifan ya rage gudu, sai muryar mawaƙin ta yi nauyi ta koma kamar gurnanin bijimi. Idan aka ƙara masa gudu sai ƙato ya koma ɗan yaye. Abin da yara suka ɗauka wasa, wani Ba'amurke mai suna Ross Bagdasarian ya mayar da shi sana'a a 1958: ya ɗauki muryarsa a kan tef da rabin gudu, ya kunna da cikakken gudu, ya ce wasu 'yan kurege ne ke waƙar, ya sayar da faifai miliyoyi.

A 1944 ma'aikatan gidan waya suka fara kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a birnin Kano, domin mutane su tsaya su saurari rediyo. Brian Larkin ya yi bayanin wannan a littafinsa Signal and Noise na 2008, littafin da ya kamata duk mai son rubutu a kan fim ko waƙar Hausa ya nema. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962. Ga mai sauraro a Maigatari, muryar da ke zuwa ta gajeren zango tana tafiya tana dawowa kamar iskar hunturu, da shuuu a bayanta. Mutane suka koyi sauraro ta cikin wannan hayaniya har suka daina jin ta.

A nan ne makirufo ya yi wani aiki da ba a cika lura da shi ba. Kafin 1925, lokacin da kamfanonin faifai suka koma ɗaukar murya da lantarki, mawaƙi kan tsaya ne a gaban wani ƙaton mazurari ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, domin ƙarfin muryar ne kaɗai ke tura allurar da ke sassaƙa faifan. Da makirufo ya zo sai aka gano cewa, irin wanda ke ɗaukar sauti daga gaba kawai, idan baki ya matso shi sosai, yakan ƙara wa murya kauri da ɗumi. Bing Crosby a Amurka da wannan ya gina sunansa, yana waƙa kamar mai yi wa mutum ɗaya raɗa. A namu ganin, Ɗanmaraya Jos na cikin waɗanda wannan ya yi wa rana. Mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba zai ja da taushi ko kotso a fili ba, amma a gaban makirufo sai ya zama kamar yana zaune a kan tabarmarka. Haka gurmin Haruna Uji na maƙwabtanmu Haɗejawa. Waƙar soyayyar da ake rerawa a hankali, da numfashi a cikinta, wadda ta cika wayoyinmu yau, 'yar makirufo ce. A dandali babu mai jin ta.

Sai babbar baƙuwa, lasifikar ƙarfe mai bakin kakaki. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ta. Tun kafin ka ƙarasa kara, wajen raƙuma da shanun da aka koro daga Nijar, za ka ji mai maganin gargajiya a kan motarsa yana lissafa cututtuka, kowace kalma tana bin kanta sau uku. Irin wannan lasifika ba ta iya fitar da sauti mai kauri, don haka take yanke gindin murya ta bar tsakiyarta, shi ya sa kowa ya yi magana a cikinta sai ya zama kamar da hanci yake yi. An ƙera ta ne don magana ta yi nisa, daɗi ba ya cikin lissafi. Kukan nan kuma mai huda kunne da take yi, wanda ke sa a fara hararar yaron da ke kula da inji, dalilinsa ɗaya ne: makirufo ya ji abin da lasifika ta faɗa, ya mayar mata, ta ƙara masa ƙarfi ta sake faɗa, ya sake ji, har zagayen ya zama ƙara ɗaya mai tsini. Maganinsa a kau da makirufo daga gaban lasifika ko a rage wuta.

Amma abin da ya fi shiga ranmu a injin shi ne ɗan maɓallin nan na amsa-kuwwa. Asalinsa daga rikodar tef ne. A cikinta akwai kan da ke rubuta sauti da kan da ke karanta shi, da 'yar tazara a tsakaninsu. Kafin tef ya taso daga na farko ya isa na biyu an sami ɗan jinkiri, idan aka haɗa muryar asali da wadda ta makara sai a ji kamar bango ya amsa. Sam Phillips ya yi amfani da rikoda biyu ya samar da wannan a situdiyonsa na Sun da ke Memphis, inda Elvis Presley ya fara ɗaukar waƙa a 1954. Wasu kamfanonin suka gina ɗakuna na musamman masu sulɓin bango, su sa lasifika a wannan kusurwa, makirufo a waccan, su ɗauko amon ɗakin su zuba a kan murya, wato dai rijiyar yaron Sule Tankarkar ce aka yi wa siminti. A 1966 John Lennon ya sa aka bi da muryarsa ta cikin wata lasifika mai juyawa da aka ƙera don molon coci mai suna Hammond, a situdiyon Abbey Road da ke Landan. A Jamaika King Tubby ya mayar da amsa-kuwwar ita kanta abin kiɗa. Kamfanin Roland na Japan ya fito da akwatinsa Space Echo a 1974, daga baya dabarar ta koma cikin 'yan ƙananan sassan lantarki masu araha, har ta zama maɓalli guda a jikin injin da ake haya zuwa gidan biki.

A can Turai ana ɗiga amsa-kuwwa ne kamar gishiri. Mu da ta zo hannunmu sai muka murɗe maɓallin har ƙarshe. Mai wa'azi a dandali, mai gabatar da amarya da ango, motar jam'iyya tun zaɓen 1979, mai sanarwar ɓatan akuya, kowa so yake muryarsa ta yi ta amsawa. Kunnenmu ya riga ya haɗa wannan amo da girma, saboda kasakasan karatun manyan alarammomin Masar irin su Abdulbasit Abdussamad, waɗanda aka ɗauki da yawa daga cikinsu a manyan masallatai masu ƙubba, da kuma waƙoƙin finafinan Indiya da muryar ke yawo kamar a tsakanin duwatsu. Ƙasar da ba ta da dutsen amsa kira ta sayi nata a kanti.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ne ya kai mawaƙa kowane ƙauye a shekarun 1970 da 1980. Shi ma da nasa tabon. Mai shago ya kwafa daga kwafe, wani ya kwafa daga nasa, kowane kwafi yana cinye kaifin sauti yana ƙara shuuu. Zafin bazara ya miƙar da tef, murya ta riƙa lilo. Batir ya yi sanyi, Shata ya ƙara shekara ashirin nan take, har sai an fitar da batiran an shanya a rana. Larkin ya nuna cewa wannan lalacewar ta zama wani ɓangare na yadda mutanen Kano ke ji da gani. To wannan Shatan, mai dishi-dishi da ƙura a murya, shi ne wanda iyayenmu ke kira na asali. Wanda ya taɓa ganinsa ido da ido kafin rasuwarsa a 1999 zai gaya muku muryar da ya ji a fili daban take da ta kaset.

Finafinan Hausa na bidiyo sun fara da Turmin Danya a 1990, kuma kafin ƙarshen shekarun suka rungumi waƙa da rawa irin na Indiya, musamman bayan Sangaya a 1999. Fiyanon Yamaha ya maye gurbin makaɗa biyar, situdiyo ya koma ɗaki ɗaya da katifa a bango. Aka kuma ɗauko tsarin Indiya na mawaƙin bayan fage: wani ya rera, wani ya motsa baki. Su Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, daga baya su Fati Nijar da Maryam A. Baba, muryoyinsu sun fita ta bakin 'yan wasa da dama. Siririyar muryar mace mai tashi sama, irin ta Lata Mangeshkar, ta zama ma'auni. A gefe guda kuma ga Sadi Sidi Sharifai yana ara wa marigayi Rabilu Musa Ibro murya a waƙoƙin barkwanci, har mutane da yawa suka ɗauka Ibron ne da kansa. Shi wannan da maƙogwaronsa ya yi, babu maɓalli.

Yanzu mu zo kan injin da ake zargi. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi wa kamfanin mai na Exxon aiki, yana tura sauti cikin ƙasa yana lissafa yadda yake dawowa don gano inda mai yake kwance. Da irin wannan lissafi ya ƙera Auto-Tune, ya fito da shi a 1997. Aikinsa shi ne ya saurari murya, ya gane sautin da take kai, idan ta kauce ya ja ta zuwa sautin kiɗa mafi kusa. An yi shi ne don gyara a ɓoye, a hankali, yadda ba mai ganewa. Amma yana da ma'aunin saurin gyara, kuma idan aka kai shi sifili sai ya daina jan murya, ya koma fizgarta. Muryar mutum ba ta tsalle daga sauti zuwa sauti, zamewa take yi. Injin sai ya yanyanka zamewar ta zama matakala. A 1998 Mark Taylor da Brian Rawling suka yi haka da gangan a waƙar Believe ta Cher, suka kuma ɓoye sirrin suka ce wata na'ura ce daban. T-Pain ya mayar da shi tambarinsa daga 2005. Da kwamfuta ta shiga situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos, sai maganar maɓallin amsa-kuwwa ta maimaita kanta: muka murɗe har ƙarshe.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu, domin da yawanmu a wannan zaure muna rubuta baiti, wasu ma har suna sayar wa mawaƙa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Gari na mutane da garin tuwo kuma tsawon wasali ne ya raba su. Bayan sautin sama da na ƙasa, muna da sauti mai faɗuwa, wanda ke farawa sama ya zame ƙasa a gaɓa ɗaya, kamar a rai, kai, yau. Wannan zamewar ita ce ainihin abincin Auto-Tune. Ku saurari yadda kalmar rai ke fita a waƙar soyayya: karkarwar da kuke ji, faɗuwar sautin ce aka kakkarya. Muna ganin wannan na cikin dalilan da suka sa injin ya zauna daram a waƙarmu. Harshenmu da salon rerawarmu cike suke da lanƙwasa, injin kuma sai da lanƙwasa yake nuna bajintarsa.

Sai dai yana karɓar ladansa. Idan aka tara amsa-kuwwa mai yawa a kan baiti, gajerun gaɓoɓi sukan hau kan juna, sautuka masu kaifi irin ƙ da ts da ɗ su dushe, wutsiyar kalma ta farko ta rufe kan ta biyu. Abin da ke tsira lafiya shi ne kalma mai dogon wasali da za a iya ja: ƙauna, zuciya, rayuwa, masoyiya. Mawaƙi ya shiga situdiyo sau goma, ya lura da kalmomin da ke fita da kyau, sai ya riƙa komawa gare su ko bai yi niyya ba. Muna yawan kukan cewa waƙoƙin yanzu kalmomi talatin suke juyawa, muna ɗora laifin a kan lalacin marubuta. Akwai lalacin, amma injin ma yana zaɓen kalma. Ku gwada ɗaukar baiti mai cunkoson gaɓoɓi irin na Aƙilu Aliyu ku rera shi da amsa-kuwwa a murɗe, za ku ji rabinsa ya narke. Aminu Ala, wanda ya fara da rubuta littattafai kafin ya shahara a waƙa, ku lura da yadda muryarsa ke zama a gaba, kiɗa a baya, ado kaɗan. Mai kalmomi da yawa dole ya roƙi mai haɗa sauti ya sassauta hannu, kuma marubucin da bai san sunan maɓallin ba ba zai san abin da zai roƙa ba.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma cikin 'yan shekaru kaset ya ba mimori wuri. Masu tura waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwanni, Maigatari na ciki, inda fataken Dungas da Magarya da Damagaram ke cika waya kafin su tsallaka iyaka. Ta irin waɗannan hanyoyi muryar nanaye ta shiga Sahara. A 2008 wani matashin Buzu ɗan Nijar mai kaɗa jita, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Da harshen Buzaye ya rera, amma aka yi masa aikin da ake yi wa mawaƙan fim ɗin Hausa, Auto-Tune a murɗe da gangar kwamfuta. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut har Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ba tare da ya san mai su ba. Ya sa ɗaya a tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya bi sawu ya nemo mawaƙin. Yau Mdou Moctar yana zagaya Turai da Amurka da jitarsa. Kirkley ya zo Kano daga baya, ya tattara waƙoƙin fim na Hausa ya fitar da su a 2013 da sunan Harafin So, a ƙarƙashin kamfaninsa Sahel Sounds. A kan baƙin faifai aka buga su, mai juyawa a ƙarƙashin allura, ɗan uwan na garmahon nan da ake yi wa wani.